Murfin Tanki

Tela mutum ne da ko sallama aka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Da matarsa ta samu ciki bayan dogon jira, sai abin ya ƙaru.

Ita ce ta dawo daga awo da labarin. Nas ta ce maganin da ake zuba wa ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin cuta, amma in ya gamu da ruɓaɓɓen ganye sai su haifar da wasu sinadarai, waɗanda ake zargin yawansu ba ya yi wa mafitsara da mai juna biyu kyau.

Tela ya tari ruwa a kofi, ya shinshina. Warin magani har cikin ido.

"Na maƙwabta ba ya wari haka," in ji shi.

"Baban gida, yaushe ka zama mai shinshinar famfon mutane?" in ji matar.

Bai kula ta ba. Ya tuna mai gidan da suke haya ya taɓa cewa ɗansa na neman ɗaki. Ya kuma tuna yana yawan ganin tsohon da tsani. Sai ya jawo keken ɗinkinsa bakin taga, yana ɗinki da ido ɗaya, har ya haɗa wa wata riga hannu a wuya.

Da hantsi kuwa sai ga mai gida ya hau wurin tankin ruwan gidan, ya zaro farar ƙwaya daga aljihu, ya jefa.

Tela ya fito da almakashi a hannu, bai ma san da shi ba.

"Baba, me matata ta yi maka? In ɗakin kake so, ai baki gare ka!"

Tsohon ya leƙo ƙasa. "Ajiye makamin, jarumi. Hawo ka gani."

Tela ya hau. Tankin a buɗe yake. Ganyen bishiyar da ke kansa ya cika shi, na ƙasa ya yi baƙi ya narke, ga ƙwayar tana tafasa a tsakiya.

"Ruwan ne ya fara kore, shi ya sa nake ƙara magani saboda matar nan taka," in ji tsohon. "Bayana ba ya barina in kwashe ganyen. Tun bara wani marar tsoron Allah ya sace murfin. Na zargi mai gyaran famfo, har gaisuwa mun daina."

"Mutane ba su da kirki," Tela ya ce a hankali.

Daga can sama ana hango ƙofar ɗakinsa tsaf. Ga matarsa tsaye riƙe da ƙugu, ga kuma janaretonsa a gefe, an kife shi da baƙin faifan roba mai faɗi. Tela da kansa ne ya tsince shi a gindin tsani bara da damina, ya ce wannan zai yi maganin ruwan sama.