Kofin Baba Isaka

"Kalsiyom ya yi masa yawa a jini," in ji likita, tana duban sakamakon analiz, wato gwajin jini. "Me yake sha a gida?"

Zeinabou ta juye leda a kan tebur. Ƙwayoyin ƙarfin ƙashi, ampul na bitamin D, gwangwanayen madara. Tun da katako ya faɗo wa mahaifinta Jibo a ƙafa a kasuwar Katako, duk wanda ya zo dubiya sai ya riƙo abin da zai ɗinke ƙashi. Shi kuwa Jibo, bawan Allah, bai taɓa mayar da hannun kyauta ba. Wanda ya kawo, a gabansa yake shanyewa.

"Shi ya sa ƙishirwa, shi ya sa ruɗewa," in ji likita. "In ya ƙara, ƙodarsa za ta tsaya."

Da aka gama ƙarin ruwa suka koma gida, unguwar Boukoki. Kai, yarinyar nan akwai dabara! A bakin ƙofa take tare baƙi, ta karɓi kaya hannu bibbiyu, ta yi godiya, ta ɓoye. Ba wanda ya tafi da ɓacin rai.

Sai ranar Juma'a ga Baba Isaka, aminin Jibo tun suna samari. Shi ba a tare shi a ƙofa. Ya wuce har gado, ya marmasa ƙwayoyi a madara, ya dama da hannunsa.

"Shanye, Jibo. Kasuwa ba daɗi ba ka."

Zeinabou ta dubi kofin. Ta ce wa dattijo guba ya kawo? A gaban mutane? Jibo ya riga ya karɓa, kofi ya kusa baki.

Ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, rabona da ragowarka tun ina ƙarama. Yau kam ni za ka sa wa albarka."

Jibo ya dube ta. Ya taɓa kofin da leɓe kawai, ya miƙa mata. Ta kafa kai ta shanye tas, da ɗacin da komai.

Isaka ya daɗe yana kallon kofin, ya haɗa ido da Jibo, sannan ya sunkuya kusa da ita.

"Ɗiyata," ya ce a hankali, "me likita ta ce a kawo?"

"Ruwa, Baba."

Ya ɗauki sandarsa, ya nufi randa da kansa.