Buhu Takwas na Is'haƙa

Bara Is'haƙa ya kawo buhu huɗu na gero kasuwar Sabon Birni. Bana damina ta yi kyau, ya kawo takwas daga Gangara, amma kuɗin da Alhaji Kalilu mai sayen hatsi ya taya duka bai kai na bara ba.

"Mi ka ce, Alhaji?" Is'haƙa ya daka tsawa, jijiyar wuyansa ta tashi. "Ina noma ina waigen daji, sannan ka yi mini tayin wulaƙanci? In ya yi araha, ai sai mutane su saya da yawa!"

Alhaji ya nuna masa buhunan da suka cika rumfuna. "Kowa ya samu bana, malam. Ba wanda zai ci tuwo malmala shida don gero ya faɗi. Cikin mutum na bara shi ne na bana."

"To za ni mayar da abina gida, in jira bazara!"

Ya sunkuya ya cafki kunnen buhu, sai ya tsaya. 'Yan bindiga sun ƙone masa rumbu tun watan azumi, kuma Alhaji ya sani.

"Auna," in ji Is'haƙa, yana cizon leɓe.