Bencin Masu Jira

Mabuɗin ya shiga amma ya ƙi juyawa. Tsohon Likita ya zare shi, ya hura, ya sake turawa, ya jijjiga ƙofar har gilashin tagar ya yi ƙara.

"Ranka ya daɗe, an canja makullin," in ji nas ɗin da ta fara aiki da shi tun tana budurwa, yanzu ga furfura a gefen hularta. Tana riƙe da tiren allurai, idonta a kan tiren. "Jiya bayan ka tashi. Ƙaramar Likita ce ta sa."

Ƙaramar Likita 'yarsa ce. Shi ya buɗe wannan asibitin tun yana ɗaki biyu da benci ɗaya, ya duba kakanni, ya duba 'ya'yansu, yanzu jikokin ake kawo masa. Yau ko'ina warin sabon fenti yake. An manna hotunan wanke hannu a bango, an kawo sababbin kwandunan zubar da allura, an rataye tukunyar kashe gobara da ledarta ba a ma yage ba. Hukumar lafiya ce ta ce za ta turo masu duba ingancin aiki.

'Yar ta fito daga ɗakin magani tana sauri, ta gan shi, ta tsaya cak.

"Baba, ai na ce wa direba kada ya kawo ka yau."

"Tasi na hau. Me ya sami ƙofata?"

"Cire rigar."

"Wace riga?"

Ba ta maimaita ba. Ta zagaya bayansa ta zame masa farar rigar daga kafaɗa kamar yadda ake yi wa yaron da ya dawo daga makaranta, ta cire abin sauraron ƙirji daga wuyansa, ta miƙa wa nas. A gaban mutane aka yi. Wani dattijo mai ciwon suga ya sunkuyar da kai yana gyara takalminsa.

"Ka koma gida."

"Ba inda za ni."

"To ka zauna a can, kada ka taɓa kowa."

Ya zauna a bencin masu jira. Bai taɓa sanin katakon yana da tauri haka ba. A gefensa wata matashiya ce da jariri a cinya, ta ƙura wa bango ido. Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya kai yatsa gaban fuskar yaron, ya ja shi dama, ya ja shi hagu. Idon yaron bai bi ba. Ya ɗan ɗaga kan, ya saki, wuyan ya langaɓe.

"'Yata, wannan yaron ai ba lafiya ba. Tun yaushe yake haka?"

Matar ta juyo a hankali. "Tun watan jiya."

"Me ya same shi?"

"Tari ne. Aka rubuta masa magani, na ba shi yadda aka rubuta. Ya yi barci ya ƙi tashi. A babban asibiti suka ce na manya aka rubuta, numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci a hanya, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu."

"Subhanallahi! Wannan ai ganganci ne. Wane likita ne ya duba shi?"

Ta dube shi tun daga kai har ƙafa.

"Kai ne, Baba."

Ya nemi ranar a kansa, bai same ta ba. Ya tuna sunan kakar matar, ya tuna ciwon gwiwarta, har kalar mayafinta. Wannan jaririn kuwa kamar yau ya fara ganinsa. Matar ta janye ɗanta ta matsa ƙarshen benci.

Masu dubawa suka iso, mace da namiji, da katin aiki a wuya. Suka buɗe firjin allurar rigakafi, suka duba ranakun lalacewar magunguna, suka kunna famfo, suka leƙa bayan gida. Komai tsaf. Daga nan macen ta dawo wajen benci, ta ce tana son ganin uwar da ta kai ƙara da kuma likitan da ya rubuta maganin.

"Ga su nan duka," in ji Ƙaramar Likita. Muryarta ba ta rawa. "Mahaifina ne. Mantuwa ta kama shi, ya ɓoye mana. Ranar da muka gano, ranar muka dakatar da shi, mun ma canja makullin ofishinsa. Yana maimaita tambaya, yana kiran marasa lafiya da sunan matattu. Kwanaki har fitsari ya kufce masa a kujera. Nas ga ta nan, ita ta goge."

Nas ta ce, "Haka ne," da ƙaramar murya.

Wannan kam ya tuna. Ya tuna kujerar, ya tuna kunyar. Ya tuna kuma ranar nan shi da kansa ya je ya sami 'yarsa ya ce zai ajiye aiki, kansa ya fara yi masa wasa. Ta riƙe hannunsa ta ce, Baba, in ka tafi duk mutanen nan za su watse, don kai suke zuwa, ka ƙara haƙuri zuwa ƙarshen shekara. Ya buɗe baki zai faɗa. Ta kalle shi, irin kallon da take yi masa tana ƙarama in ta fasa wani abu kuma uwarta na tahowa.

"Baba, gaskiya ne abin da ta ce?" mai dubawar ta tambaya, da ƙarfi, tana ware kalmomin kamar mai magana da kurma.

"Gaskiya ne," ya ce. "Ni na ɓoye."

Ta rubuta. Ta gaya masa za a karɓe lasisinsa, za a kira shi gaban kwamiti. Ta yaba wa Ƙaramar Likita da ta ɗauki mataki ba tare da duba dangantakar jini ba, ta ce ba kowa zai iya ba. Uwar yaron ta tambaya, "To ɗana fa?" Aka ce mata wannan na wani ofishin ne, za a neme ta. Ta goya shi, ta sa zani ta tallafe kan da ke lilo, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba.

Da motar hukuma ta tashi, asibitin ya saki jiki. Mai shara ta kunna rediyo. Nas ta fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya wuce ta gabansa ya ce, "Sannu Likita," ya shige ɗakin 'yarsa.

Can da yamma ta fito tana goge hannu. Ta raka shi bakin ƙofa inda direba ke jira. A saman ƙofar ga allon asibitin da sunansa da manyan baƙaƙe, shi ma an sabunta masa fenti.

"Sai ki sa a sauke wannan," ya ce.

"Allon zai zauna. Sunanka mutane suka sani." Ta buɗe masa ƙofar mota. "Kuma in ka ji zaman gida ya ishe ka, ka riƙa zuwa kana zama a benci. Hankalinsu ya fi kwanciya in sun gan ka."

Ya shiga, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Direba ya tayar da mota. Sai ya sauke gilashi.

"Ƙarfe nawa zan zo?"