Safar Hagu ta Jimina

Anti Allura tana durƙushe a bayan Dogo, fil uku a bakinta, tana kama masa gashin wutsiya da ya saki, sai kiɗa ya tsaya. Ba Darakta ya tsayar ba. Wata mata ce a sahu na biyu ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta, kuma da yake ita ce wakiliyar kamfanin da ya buga littattafan, mai ganga ya ajiye sanda tun kafin a ce masa komai.

Gwajin ƙarshe ake yi. Ƙarfe goma ne na safe, ƙarfe huɗu kuma za a buɗe ƙofa yara da iyayensu su cika kujeru ɗari biyu. An ɗauko wasan ne daga littattafai uku masu hotuna, labarin wata jimina mai kai wasiƙu da ke gudu gida-gida da jaka a wuya. An sa masa waƙoƙi takwas da rawa biyu. Dogo ne jiminar, don duk gidan babu mai ƙafafu irin nasa. Kayan kowa kuwa Anti Allura ce ta ɗinka, tun daga kunnen zomo har ƙoƙon bayan kunkuru. Shekararta goma sha ɗaya a gidan wasan yaran, sunanta na gaskiya ma sai dai a katin aiki.

Wakiliyar ta ce komai ya yi, waƙa ta yi, haske ya yi. Abu ɗaya take son a bayyana mata: me ya sa safar jimina ta hagu koriya ce?

Darakta ya dubi ƙafar Dogo kamar yau ya fara sanin Dogo yana da ƙafa. Mutum ne da ba ya kallon ɗan wasa daga gwiwa zuwa ƙasa, aikinsa fuska da fitila. Ya juyo wajen Anti Allura. Ita kuwa ta zare fil ɗin daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta soke su a gaban rigarta, ta ce ai haka yake a littafi. Dama rawaya, hagu koriya.

Matar ta buɗe jakarta ta ciro sabon littafi, ta ɗaga shi. Safa biyu, duka rawaya.

Anti Allura ta yi 'yar dariya. Sabon bugu ne, in ji ta, yaran yanzu masu aiki da na'ura sun sha yin irin wannan ɓarnar. Gaskiya ne kamfanin ya aiko mata da sababbin kwafi wata biyu da suka wuce, suna nan a kan kabad cikin ledarsu. Me za ta koya a ciki, ita da ta haddace littattafan nan tun wakiliyar tana rarrafe? Ta wuce ɗakin ɗinki ta dawo da nata guda uku, bangonsu ya sha gam, kusurwoyinsu sun yi laushi, ta miƙa su da hannu biyu.

Wakiliyar ta buɗe na farko. Ga jimina da koriyar safa, shafi bayan shafi. Ta matsa ƙarƙashin fitilar dandamali, ta karkata takardar, sannan ta shafa wurin da bayan farce.

"Anti, wannan fenti ne. Da hannu aka yi shi."

Ta duba na biyu, ta duba na uku. Hoto arba'in da wani abu, babu wanda aka tsallake, har ƙaramar jiminar da ke bayan bango. Ta ce ko wane ne ya yi, gwani ne, don ita kanta da ba ta san littafin ba da ta rantse daga injin ya fito. Sai dai yabon gwani daban, yarjejeniyarsu da kamfani daban. Ba a ƙara komai a kan zanen, ba a rage komai.

Anti Allura ta karɓi littattafanta ta koma ɗakin ɗinki, ta rufe ƙofa, ta kunna fitilar keken ɗinki.

Mijinta mai rubuta allunan shaguna ne, Allah ya jiƙansa, shekara tara ke nan. 'Yarsu ɗaya. Tana da shekara huɗu asibiti suka sa mata takalmin ƙarfe a ƙafar hagu, da wata safa mai kauri, koriya, da ake sawa a ƙarƙashi don kada ƙarfen ya ci fata. Kowace safiya yaƙi ake yi. Yarinya na ihu, uwa na ɗaure maɗauri, maƙwabta na jin komai. Ran nan mijin ya shigo da littafi a aljihun rigar aikinsa, ya zaunar da yarinyar a cinya, ya ce ga wadda ta fi kowa gudu a duniya, duba ƙafarta. Daga ranar ihu ya ragu. Aka wayi gari yarinyar da kanta take miƙo ƙafa, tana cewa jimina za ta fita aiki.

Yanzu, ƙarƙashin fitila, Anti Allura ta ga abin da ta shekara ashirin da biyar tana kallo ba ta gani ba. Ga sawun buroshi nan siriri. Ta tuna kuma cewa duk lokacin da ya ce ya sayo sabon littafi, sai ya ce ya manto shi a shago, sai bayan kwana biyu ya iso gida. A na ukun ma fentin ya ɗan fita layi a wurare, musamman shafi na goma sha huɗu, inda kore ya taɓa yatsan jimina. Ta ce a ranta, lokacin idonsa ya fara rauni ke nan.

Ba ƙaryar ce ta dame ta ba. Abin da ya dame ta shi ne tikiti biyu da ta ajiye a sahu na biyar. 'Yarta ta ɗauki hutun rabin yini daga kantin magani, za ta zo mata da jikarta. Ba ta gaya mata komai a kan kayan ba, so take ta ba ta mamaki. 'Yar tata da jimina ta girma. A sakandare in an tsokane ta da ɗingishi, cewa take yi ita jimina ce. Ranar da aka raba kayan mahaifinta, abu ɗaya ta roƙa, kada a ba kowa littattafan. Yau in labule ya buɗe ta ga safa biyu rawaya, a gaban mutane ɗari biyu za ta gane babu wata jimina irinta.

Ta samu Darakta a bayan dandamali yana faɗa da mai fitila. Ta roƙe shi wasa ɗaya kawai, na yau, gobe a sa rawaya har abada. Ta ba shi labarin a taƙaice, ba tare da ta kalle shi ba. Ya saurara, ya shafa kansa, ya ce wallahi da nasa ne da ya ba ta. Amma matar nan tana da ikon janye izini da kira ɗaya, kuma mutum ashirin da uku sun yi wata uku a kan wasan nan.

"Ki ɗinka rawaya, Anti. Don Allah kada ki sa ni cikin rigima."

Ta ɗinka. Minti ashirin ya ɗauke ta, har da gwaji. Ta kai wa wakiliyar ta gani, matar ta gode mata, ta ce a yi haƙuri, aikinta ne.

Da azahar ta kira 'yarta. Niyyarta ta faɗa mata ta waya, a ɗaki, inda ba kowa. Amma tana ɗagawa ta ji jikarta a baya tana rera wani abu, 'yar kuma tana cewa Mama kada ki damu, ba za mu makara ba, an riga an yi wa madam kitso. Anti Allura ta ce to, su taho da rigar sanyi, zauren yana da iska. Ta kashe wayar.

Huɗu saura kwata hayaniyar yara ta cika gidan. A bayan labule kowa na ta kansa. Zomo ya ɓatar da kunne ɗaya ya same shi a kansa. Dogo ya riga ya shiga cikin jimina, dogon wuyan yana ɗaure a kafaɗunsa, gangar jikin ta kewaye masa ƙugu kamar kwando. In ya shiga kayan nan ba ya ganin ƙafafunsa, ba ya iya sunkuyawa. Shi ya sa safa da takalmi aikin Anti Allura ne, kuma su ne na ƙarshe.

Ta durƙusa. Ya miƙo dama, ta sa masa rawaya. Ya miƙo hagu yana kallon rufi yana gyaran murya. A aljihun rigar aikinta safa biyu ne. Ta san abin da zai biyo baya, ba ta yaudari kanta ba. Ta ciro koriyar, ta ja ta har gwiwa, ta ɗaure takalmi, ta buga masa ƙafa sau biyu kamar kullum, alamar ya tafi.

Jimina ta shigo da gudu, yara suka tashi tsaye. Wasa ne na awa ɗaya babu hutu, kuma jiminar ba ta barin dandamali sai na daƙiƙa kaɗan, don haka ba abin da kowa zai iya yi. Ta tsagar labule Anti Allura ta hango Darakta a ɗakin fitila ya dafe goshi. Ta hango wakiliyar ta ɗaga waya ta ɗauki hoto, ta rubuta wani abu, ta naɗe hannu. A sahu na biyar jikarta tana tsalle a kan kujera. 'Yarta kuwa ta rufe baki da hannu, ba ta sauke ba har waƙa ta uku. Anti Allura ta ga haka ta ce a ranta, to, ko me za a yi a yi.

An yi tafi sosai. An kira Dogo sau biyu.

Tana ninke kaya a ɗakin ɗinki suka shigo. Jikar ta faɗa kan kwandon kunnuwa da wutsiyoyi. 'Yar ta tura ƙofa, ta jingina da ita, ta ɗauke nauyi daga ƙafar hagu yadda take yi in ta gaji. Ta dubi tsofaffin littattafan a kan tebur, ta dubi rawayar safar da ke leƙowa daga aljihun uwarta.

"Mama, wa ya yarda kika sa kore?"

Anti Allura ta ce ba a buƙatar yardar kowa, haka yake a littafi.

"A namu. A na sauran mutane rawaya ne duka biyun."

Uwar ta zauna a kan kujerar keke.

Tun tana aji uku ta sani, in ji 'yar. A laburaren makaranta ta ga littafin. Ba ta ko je gida ba, ta wuce shagon Baba da fushinta ta ajiye masa a kan tebur. Bai musa ba. Ya goge hannu, ya ce ita ai tun wata na biyu ta saba da ƙarfen, Mamanta ce ba ta saba ba. Ya ce kullum in tana ɗaure maɗauri sai ta kau da kai, in sun fita makaranta ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji. Amma tun ranar da littafin ya shigo gidan take ɗaurewa tana waƙa.

"Ya ce kada in gaya miki, in bar ki a haka. Ni yau shirin lallashinki na zo da shi. Na zaci tun da aka aiko muku sababbi kin gani, kina ɓoye mini ne."

Anti Allura ta ji haushi, haushi na gaske, irin wanda ake yi da mai rai. Sai kunya ta biyo, sai kewarsa ta danne su duka. Ba ta yi kuka ba. Ta kai hannu ta gyara zaren keke da bai karkace ba.

Aka ƙwanƙwasa. Muryar Darakta ce, ƙasa-ƙasa, ba faɗa a cikinta. Ya ce wakiliyar tana ofis tana jira, kuma ta ce da Anti take son magana, ba da shi ba. Anti Allura ta ce tana zuwa.

Ta tashi ta kakkaɓe zare daga jikinta. Ta tattara littattafan, na ukun ya buɗe da kansa a inda ya saba buɗewa. Ta nuna wa 'yarta shafi na goma sha huɗu, wurin da kore ya hau yatsan jimina, ta ce ko shi da gwanintarsa, a nan idonsa ya gaza.

'Yar ta leƙa, ta yi murmushi.

"Ba idonsa ba ne, Mama. Na ukun ni da shi muka yi."

Anti Allura ta daɗe tana kallon shafin. Sannan ta rufe littafin ta miƙa mata, ta ce ta riƙe, kuma kada ta bar yarinyar nan ta taɓa almakashi. Ta ciro rawayar safar daga aljihu, ta ninke ta biyu, ta fita zuwa ofis.