Takardar Tungar Maiwada

Shekara biyu da ƙirƙiro Jihar Kebbi, duk faɗin unguwarmu ta Jega Firchin babu wanda ya kai ni surutu a kan Majalisar Ɗinkin Duniya. Tarihi nake koyarwa a sakandare, rediyo kuwa kamar da shi aka haife ni. Kullum a teburin mai shayi maganata ɗaya ce: ƙasashe biyar sun kame kujerun dindindin a Kwamitin Sulhu, su ke yanke yadda za a yi da Somaliya, sojojinmu ke zuwa su mutu, amma Afirka ko ɗaya ba a ba ta ba. Har abokin aikina Kefas ya laƙaba mini suna Wakilin Afirka, ni kuwa ina jin daɗin sunan.

Wannan bakin nawa ne ya sa aka naɗa ni sakataren kwamitin sasanta manoma da makiyaya na Jega, Aliero da Maiyama. Aikinmu mu fitar da burtali, hanyar da shanu za su riƙa bi ba tare da sun shiga gonar kowa ba. Takardun gayyata goma sha huɗu aka ba ni, na raba goma sha uku. Ta ƙarshen ta Tungar Maiwada ce, wani ɗan ƙauye a bakin fadama, ga shi kuma tsakiyar Agusta. Na je da babur har inda ruwa ya cinye hanya, na dubi ruwan, na dubi sabon takalmina, na juya abina. Takardar na jefa ta a aljihun teburina na makaranta.

Ranar taro kujerar mutanen Tunga babu kowa. Shugaban kwamiti ya ɗora yatsa a kan taswira, daidai fadamar nan, ya ce ga fili ruwa ya kwanta, babu gero babu dawa, nan burtali zai bi. Wakilan Aliero sun san abin da ake yi da irin wannan wuri in ruwa ya janye, amma suka yi gum, don in an kauce masa ta wajensu hanyar za ta ratsa. Arɗo Alu, shugaban makiyayan, shi kaɗai ya ɗaga hannu.

"Masu wurin ga fa? An ji bakinsu?"

Duk aka juyo ana kallona. Kunya ta hana ni in ce takalmi na ji wa tsoro.

"Na kai musu," na ce. "Sun ce duk abin da aka yanke sun yarda."

Na rubuta hakan da hannuna.

Ruwa ya janye, mutanen Tunga suka yi dashen albasa a fadamarsu kamar kowace shekara. Albasar nan ita ce abincinsu har damina ta zagayo. Cikin Disamba garke uku suka bi ta kai, kuma babu wanda za a kama, hanyar da hukuma ta ba su suka bi.

Ina aji ina shirya wa ɗalibai muhawara a kan kujerar Afirka aka ce ina da baƙo. Wani dattijo ne, Gado, mai unguwar Tunga, da damin albasa tattakakkiya a hannu. Ya ajiye ta a kan teburina.

"Malam, an ce muna kai ka yi ma waɗanda ba a jin muryassu magana. Ka rubuta muna ƙara. Mu dai a hwaɗa muna wa yac ce mun yarda."

Na ɗauki biro, sai na ajiye shi. Na jawo aljihun tebur na miƙa masa takardar gayyatarsu, ko buɗe ta ba a yi ba. Ya jujjuya ta, ya ce shi bai yi boko ba, in karanta masa. Na karanta: ana gayyatar mutanen Tungar Maiwada taro ranar sha tara ga Agusta, a zo a ji ta bakinsu.

"Wane Agusta?"

"Wanda ya wuce, Baba. Ni aka ba in kawo muku."

Ya daɗe yana dubana. Na so ya zage ni, wallahi da na samu sauƙi. Sai ya ninke takardar a hankali ya sa a aljihu.

"To, ta iso," ya ce.

Ya fita ya bar mini albasar. Ɗalibai suna ta leƙe ta taga, suna jiran in dawo in ƙarasa musu bayanin yadda ake yanke wa mutane hukunci ba sa wurin.