Na Saniya Ko Na Ƙarfe

"Inna, ki bar likita ya sha iska mana. Tun safe kike titsiye shi kamar alƙali."

Sahnim ce, 'yata, tana magana tana haki. Daga gado zuwa banɗaki sai ta huta sau biyu.

Na ce, "Shirun da na yi wancan karon ne ya dawo da mu. Likita, ba ni in gani."

Ya ɗora min samfurin ƙyauren da ake dasa wa zuciya guda biyu a tafin hannu, na ƙarfe da na fatar saniya. Abin da ya ɗauko mu daga tsibirinmu na Lombok har asibitin birnin Surabaya ke nan, bai fi murfin kwalba ba.

Na ce, "To ai kun taɓa buɗe ƙirjinta. Me zai sa aiki na biyu ya fi wuya?"

"Tabo, Inna. Zuciyar takan manne da ƙashi kamar ƙanzo a tukunya, sai mun ɓamɓare a hankali. Jini ya fi zuba, aikin ya fi daɗewa. Yawanci suna tashi lafiya, amma ba duka ba. Na uku kuwa, ba na yi wa kowa fatansa."

*

Shekara tara ke nan, Sahnim tana amarya, aka ba mu zaɓin nan. Na ƙarfe ba ya tsufa, sai dai kullum da maganin tsinka jini, maganin kuwa ba ya shiri da juna biyu. Na saniya babu wannan, amma yana lalacewa. Dangin mijinta Mahsun suka ce na saniya, gida na son magaji. Ni tambaya ɗaya na yi: a rantse min ba na alade ba ne. Aka rantse, na yi sujadar godiya. Shekara nawa yake yi, ban tambaya ba. Ita kuwa ba wanda ya tambaye ta komai.

Ta haifi mata biyu, Laili da ƙanwarta.

*

Matar gadon kusa na ƙarfe gare ta. Na roƙe ta, ta bari na kara kunne a ƙirjinta: ƙas, ƙas, kamar agogo.

"Tun da aka sa min, maigidana bai ƙara makara sallar asuba ba," in ji ta. Shekara goma sha bakwai, ba a sake tsaga ta ba.

Bayan azahar aka kawo takardar sa hannu, aka miƙa wa Mahsun. Ba mugu ba ne, shi ya goyo ta har cikin jirgin ruwa.

Ya ce, "Na saniyar dai, Inna. Har yanzu ba mu samu namiji ba. Rai ai na Allah ne."

Na ce, "Na Allah ne, Baban Laili. Amma ƙirjinta za a sa wa zarto. Miƙa mata biron."

Ya tsura wa takardar ido, biron na tsakanin yatsunsa. Sahnim ta buɗe tafin hannunta a kan zanin gado.