Motoci Bakwai Don Malama Gunilla

A waya suka ƙulla maganar. Bara'u, shugaban ƙungiyar 'yan Arewa a Birmingham, zai kawo motoci bakwai har Longsight, unguwar da Halliru yake zaune a wani birnin, a ɗauko baƙuwa. Halliru kuma zai tabbatar kujerar Bara'u ce kusa da tata a zauren taro.

"Injiniya, kada ka ba ni kunya," in ji Bara'u.

"Haba Alhaji, ni da kai?"

Baƙuwar ita ce Malama Gunilla, wadda ta koyar da Na'ima, 'yar Halliru, a firamare lokacin da yake karatu a Sweden. Shekara ashirin tana riƙe da alli, sannan ta shiga jam'iyyar masu kare muhalli, ta ci kujerar majalisa. Yanzu tana neman matashiyar da za ta yi aiki a ofishinta, Na'ima na cikin ukun da ake dubawa. Halliru ya ƙudura sai ya karrama matar nan yadda ake karrama manya a gida.

Ranar Asabar da hantsi motocin suka cika layin, kowace a kunne, hayaƙi na tashi. Gunilla ta fito daga gidan Halliru da ƙaramar jakarta, ta tsaya cak.

"Mutum nawa za su shiga?"

"Ke ce, ranki ya daɗe," in ji Bara'u da Turanci, yana buɗe mata ƙofa. "Sauran rakiya ne."

Ba ta yi murmushi ba. Kwana biyu ta yi a jirgin ƙasa daga Stockholm don kada ta hau na sama, kuma a kan hayaƙin mota za ta yi jawabi. Ta ce ita dai jirgin ƙasa za ta bi.

Na'ima ta matso. "Baba, please, na gaya maka tun jiya."

Bara'u ya juyo da Hausa, a hankali. "Tun asuba muka taso, mutum bakwai, duk magidanta. Ka ce mata ta shiga."

Halliru ya tsaya a tsakaninsu. Ya dubi Bara'u, wanda ya fara ba shi masauki a ƙasar nan. Ya dubi 'yarsa, idonta ya kawo ruwa. Maƙwabta sun fara leƙowa ta taga.

Sai ya sunkuya ya ɗauki jakar baƙuwa.

"Alhaji, ka yi haƙuri. Bas za mu shiga zuwa tasha."

Bara'u ya shige motarsa, sai ƙarar rufe ƙofa.

Su ukun suka isa zauren taron a unguwar Balsall Heath ta Birmingham kan lokaci. Ayarin ya maƙale a cunkoson babbar hanya, bai iso ba sai ana tafin ƙarshe. Kujerar da aka yi ciniki a kanta, Inno mai dafa abincin taro ce ta huta a kai.

Na'ima ta samu aikin. Bara'u ya rasa kujera. Halliru kuwa, wata huɗu ke nan yana kiran Alhaji, wayar na ta ƙara ba a ɗauka.